Shigar da Marasa Lafiya da Jama'a Cikin Binciken Ƙididdigar Lafiya

Shigar da jama'a cikin bincike na nufin a yi aikin tare da su tun daga zaɓen tambayoyi har zuwa bayyana sakamako, maimakon a tsaya ga ɗibar jininsu ko rubuta amsoshinsu. A Birtaniya an kafa hukumar INVOLVE a 1996 domin wannan manufa.

A Nijeriya buƙatar ta fi tsanani, domin rajistar asibiti ba ta ɗauke da cikakken labari. Binciken Al'umma da Lafiya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne kacal ake yi a cibiyoyin lafiya. Sauran alƙaluman daga bakin mutanen gida ake samun su. Ta wannan hanya aka ƙiyasta mutuwar yara 132 cikin kowane 1,000 kafin su cika shekara biyar, da mutuwar mata 512 a kowace haihuwa 100,000. Adadin matan kuwa an samo shi ne ta hanyar tambayar mata game da 'yan uwansu mata da suka rasu. Idan mai amsawa ba ta amince da mai tambaya ba, ko ba ta fahimci tambayar ba, lissafin ya gurɓace tun daga tushe.

Rashin amana yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, inda 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kuma a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan lamari na cikin abubuwan da aka riƙa ambatawa sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003.

Ƙa'idojin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa na 2007 sun wajabta neman yardar mutum bayan cikakken bayani, sun kuma tanadi tuntuɓar al'umma kafin a fara wasu bincike. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙarfafa kwamitin da ke sa ido a kan haka.

A gari irin Izom, kusa da Suleja a Jihar Neja, inda Gwari da Hausawa ke zaune tare, aikin yana bi ta hannun dagatai, masu unguwanni, limamai, fastoci, ungozomomi da kwamitin ci gaban gunduma. Takardun tambayoyin binciken ƙasa akan fassara su zuwa Hausa, Yarbanci da Ibo, saboda haka mai jin Gwari kaɗai yana buƙatar ɗan gari ya yi masa tafinta.

Duk wanda aka nemi ya shiga bincike yana da haƙƙin sanin manufarsa, da ƙin amsawa, da janyewa a kowane lokaci, da kuma a sirranta bayanansa.