Takardar da ba a roƙo: izini da muƙaddamanci a ƙasar Zamfara

Wanda ya ratsa Talata Mafara ranar Juma'a bayan la'asar, ko ya karkata garuruwan da ke kewaye da ita irin su Garbadu, da wuya ya rasa jin hailala na tashi daga wata zawiya. 'Yan'uwa na zaune gwiwa da gwiwa, manomi kusa da ɗan kasuwa, babu mai kujera. A ido duk ɗaya suke. Amma cikinsu akwai wanda shi kaɗai ke da ikon ba wani wuridi, kuma ladabin ɗariƙa bai yarda ya ce shi ya nemi wannan iko ba.

Shiga Tijjaniyya ba wuya. Mutum zai zauna gaban muƙaddami a karanta masa sharuɗɗa: ba zai haɗa wuridin da na wata ɗariƙa ba, ba zai je neman albarka wurin waliyyan da ba nata ba, ba zai ajiye shi ba har mutuwa. In ya amsa, sai a laƙƙana masa lazimi, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma, ga wazifa kullum, wadda ake shimfiɗa farin ƙyalle idan an zo Jauharatul Kamali. Shi ke nan, ya zama muridi.

Daga nan ƙofa take ƙunci. Muƙaddamanci shehi ne ke duba almajiri ya ba shi, sau da yawa a rubuce: 'yar takarda da Larabci, wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har salsala ta tuƙe ga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a Fas a 1815. Izinin ma hawa-hawa ne. Wani an ɗaure nasa, wuridi kawai zai bayar, ko ya naɗa muƙaddamai ƙidayayyu. Wani an sake masa, ya naɗa wanda ya ga dama. Sama da su akwai halifa. Ga kuma wasu addu'o'i da asirai da ko muƙaddami ba ya taɓa su sai da izini na musamman.

Wannan yanki kuwa da Ƙadiriyya ya buɗe ido. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a Zamfara tun kafin jihadi, kuma Faru ta ƙasar Maradun tana cikin wuraren da ya zauna. Shi da kansa ya rubuta cewa yana da shekara arba'in, wajen 1794, ya ga Shehu Abdulƙadir Jilani ya ɗaura masa takobin gaskiya. Shi ya sa jama'arsa suka amsa sunan Ƙadirawa, kuma da aka kafa daula Ƙadiriyya ta zama ɗariƙar gidan sarauta.

Tijjaniyya baƙuwa ta zo. Alhaji Umaru Futi, wanda Muhammadul Gali ya naɗa halifa a ƙasar Hijaz, ya yi shekaru a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Ko Bello ya karɓi wuridin? Tijjanawa sun ce ya karɓa, Waziri Giɗaɗo ya rubuta cewa a Ƙadiriyya ya rasu a 1837. Gardamar tana nan har gobe, don kowa ya san abin da sunan Bello zai ƙara wa salsala.

Abin da ya sauya lissafi, a ganina, jirgin ƙasa ne da wani malami daga Senegal. A 1929 layin dogo ya kai Ƙauran Namoda ta Gusau, ya kwaso fatake da masu sayen gyaɗa daga Kano da carbinsu. A wannan shekarar kuma malamin, Shehu Ibrahim Inyass, ya bayyana Faila a Kaulaha. Ya haɗu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937, daga baya ya zo Kano, malamai suka miƙa wuya. Tarbiyyar da a da sai tsirarun dattawa bayan dogon zaman halwa, sai ga ta a hannun tela da mahauci, muƙaddamai kuma suka yawaita. Zawiyar Shehu Balarabe a Gusau tana cikin manyan rassan wannan tafiya.

A nan ne takarda ta zama siyasa. A ƙasar Sarkin Musulmi, rawani daga fada yake fitowa, liman ma sai hakimi ya yarda. Ga shi yanzu malamin ƙauye ya dawo daga Kano ko Kaulaha da izini a aljihu, jama'a na durƙusa masa, ba tare da ya bi ta ƙofar kowa ba. Almajiransa na salla da ƙabalu a ƙasar da aka saba da sadalu, suna gina masallacinsu daban. A 1949, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka rushe masallatan Tijjanawa a Gusau da Ƙauran Namoda. A 1956 rikici ya sake ɓarkewa a yankin, kuma a lokacin hukuma na kallon yawancin Tijjanawa a matsayin 'yan NEPU.

Ƙadiriyya ba ta zauna ba. Malam Nasiru Kabara ya fito da ita fili daga Kano, da bandiri da maukibi, ya baza nasa muƙaddaman. Sannan wani ɗan Zamfara, Malam Abubakar Gumi, ya zo ya ce tsarin gaba ɗayansa ba shi da asali a Sunna. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, sai ɗariƙun biyu da suka yi shekaru ba sa ga maciji suka koma sahu ɗaya.

Halifancin Shehu Ibrahim a Najeriya ya fara ne da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya, kuma cire shi daga sarauta a 1963 bai taɓa halifancin ba, tunda ba gwamnati ta ba shi ba. A 2021 aka ba jikansa, Muhammadu Sanusi na Biyu, shekara guda bayan shi ma an sauke shi daga karaga. A taron maulidin Shehu Ibrahim aka fara shelanta naɗin, kuma a birnin Sakkwato aka yi taron.