BAGONG SILANG: UNGUWAR DA AKA HAIFA A FILIN KUTARE

A yau ina so in ɗauki mai karatu mu yi doguwar tafiya zuwa ƙasar Filifin, can kudu maso gabashin Asiya, domin mu leƙa wata unguwa da ke arewacin birnin Caloocan, a gefen Manila. Sunanta Bagong Silang, wato "sabuwar haihuwa" da harshen Tagalog. A ƙidayar 2020 an samu mutum 261,729 a cikinta, duk a ƙarƙashin mai unguwa ɗaya, kuma a lokacin babu unguwar da ta kai ta yawan jama'a a duk faɗin ƙasar. Abin da ya ja hankalina shi ne, waɗanda suka fara zama a wurin ba da son ransu suka je ba. Kwaso su aka yi aka zube. To, yaya aka yi wurin da aka zube mutane ya zama gari?

ASALIN KALMAR BARANGAY

Kafin mu shiga unguwar, ya kamata mu san abin da 'yan Filifin ke nufi idan sun ce barangay, domin shi ne sunan da suke kiran unguwa ko ƙauye a tsarin mulkinsu. Kalmar ta samo asali ne daga balangay, wani jirgin ruwa na katako da kakanninsu ke ratsa teku da shi. Tun daga 1976 masu tonon kayan tarihi suka riƙa haƙo ragowar irin waɗannan jirage a Butuan, a tsibirin Mindanao. Kafin zuwan Turawa, barangay na nufin gidaje talatin zuwa ɗari da ke zaune a ƙarƙashin shugaba ɗaya mai laƙabin datu. Da Sifaniyawa suka kama Manila a 1571 ba su rushe tsarin ba, sai suka mayar da shugabannin masu karɓar musu haraji. Daga baya sunan barrio ya maye gurbin tsohon sunan, har zuwa 1974 da Shugaba Ferdinand Marcos ya kafa dokar da ta dawo da shi.

A yau akwai barangay fiye da 42,000 a ƙasar. Dokar ƙananan hukumomi ta 1991 ta tanadi cewa kowace za ta zaɓi mai unguwa ɗaya da kansiloli bakwai, ga kuma shugaban matasa. Su ke sasanta rigimar maƙwabta kafin ta kai kotu, su ke kula da 'yan sintiri, su ke ba mutum takardar shaidar cewa ɗan unguwa ne. A cikin manyan birane mutum 5,000 sun isa a yi musu barangay. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

FILIN DA KOWA KE GUDU

Inda Bagong Silang take a yau, a da wani yanki ne na filin Tala, mai faɗin hekta 808. A 1940, lokacin ƙasar na ƙarƙashin Amurka, aka buɗe asibitin kutare a can. Dalilin zaɓen wurin a bayyane yake: daji ne, nesa da gari, ba wanda ke son zuwa. A wancan zamani doka ce a ware kuturu daga jama'a, kamar yadda aka yi ta kai su tsibirin Culion tun 1906.

Sannu a hankali magungunan kuturta suka samu, a 1964 kuma aka sassauta dokar, aka yarda a riƙa yi wa masu cutar magani a gidajensu. Sai ya zama asibitin ba ya bukatar wannan makeken fili. A 1971 Marcos ya yanke mafi yawansa ya ce a yi wa talakawa matsuguni. Ka ga ke nan filin da aka keɓe domin a ɓoye marasa lafiya shi ne aka sake keɓewa domin a ɓoye marasa galihu, kuma dalilin bai canza ba, wato nisa.

SU WA AKA KWASO?

A yaƙin da aka gwabza tsakanin sojojin Amurka da na Japan a 1945, Manila ta zama kufai, fararen hula kimanin 100,000 suka halaka. Bayan yaƙin, mutanen karkara suka yi ta kwarara cikin birnin, wasu talauci ya koro su, wasu rashin gonar kansu, wasu kuma tawayen 'yan Huk a tsakiyar tsibirin Luzon. Duk inda suka ga fili babu kowa, bakin kogi ne ko gefen layin dogo, sai su kafa ɗaki da kwano da katako. Matattara mafi girma ita ce gaɓar Tondo, kusa da tashar jiragen ruwa, inda a farkon shekarun 1970 aka ƙiyasta mutum kimanin 180,000 a cunkushe. Abin da ya zaunar da su nan shi ne abinci: dako a tasha, talla a kasuwar Divisoria, wanki da guga a gidajen masu hali.

Gwamnati ta daɗe tana gwada kwashe su. A 1963 an ɗebe 'yan share-wuri-zauna daga Intramuros, tsohon birnin Manila mai ganuwa, aka kai su Sapang Palay a lardin Bulacan. Da yawansu ba su daɗe ba suka dawo, don babu aikin yi a can. Mutanen Tondo da suka ga haka sai suka haɗa kai, a 1970 suka kafa ƙungiyar ZOTO domin neman a bar su inda suke a gyara musu wurin. A shekarar ce Paparoma Paul na shida ya ziyarci Tondo, duniya ta ga halin da suke ciki.

Amma a 1972 Marcos ya kafa dokar soja, bakin kowa ya mutu. A 1975 ya fitar da doka mai lamba 772 wadda ta mayar da zama a filin da ba naka ba laifin da ake ɗaure mutum a kansa. A shekarar ya kafa Hukumar Gidaje ta Ƙasa, ya kuma naɗa matarsa Imelda gwamnar Manila da kewaye. Ita kuwa burinta birnin ya yi kyau a idon baƙi. An yi gasar sarauniyar kyau ta duniya a 1974, an yi damben Muhammad Ali da Joe Frazier a 1975, an yi taron Bankin Duniya da Asusun Lamuni a 1976, kuma a irin waɗannan lokuta akan rushe gidajen talakawa ko a gitta katanga a rufe su kada baƙo ya gani. Shugabar ZOTO, Trinidad Herrera, an kama ta a 1977 aka azabtar da ita. A cikin wannan yanayi ne, daga shekarun 1970 zuwa na 1980, aka riƙa loda iyalai a manyan motoci daga Tondo, da yankin Commonwealth na birnin Quezon, da San Juan, ana sauke su a Bagong Silang.

GARIN MASAI

Abin da suka tarar ya isa a faɗa. An yanka fili ƙanana-ƙanana, an ba kowane lamba, kuma a wurare da dama abin da kawai aka gina a kai shi ne masai. Shi ya sa mutane suka yi wa wurin laƙabi da kubeta, wato masai da harshensu. Gwamnati ta ce sabuwar haihuwa, mazauna suka ce bayan gida. Har yau adireshin mutum a can jerin lambobi ne: lambar shiyya, da ta rukuni, da ta layi, da ta fili, kamar yadda ma'aikatan hukumar gidaje suka zana a takarda.

Babbar matsalar ita ce nisa. Daga nan zuwa tashar jiragen ruwan Manila ya haura kilomita 20. Shi kansa birnin Caloocan a rabe yake gida biyu, domin lokacin da aka ƙirƙiri birnin Quezon a 1939, aka kuma faɗaɗa shi a 1949, an yanke masa tsakiya. Hedikwatar birnin tana ɓangaren kudu, Bagong Silang tana can ƙuryar arewa, kan iyaka da Bulacan. Magidancin da ke dako a Tondo sai dai ya zaɓa: ko ya fita tun kafin asuba kuɗin mota ya cinye rabin abin da ya samo, ko ya kwana a birni sai ƙarshen mako ya leƙo iyali, ko kuma ya sayar da takardar filinsa ya koma inda ya fito. An samu masu yin kowanne daga cikin ukun.

Waɗanda suka daure suka zauna su ne suka yi garin. Da katakon gidajensu da aka rushe suka fara kafa ɗakuna, daga baya aka riƙa sa bulo ɗaya bayan ɗaya. 'Yan Filifin suna da al'adar gayya da suke kira bayanihan, wadda asalinta shi ne maƙwabta su taru su ɗaga gidan gora sukutum a kafaɗa su kai wa mai shi sabon wuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana. Suna kuma da adashi, wanda suke kira paluwagan. Mata suka buɗe 'yan tireda a tagogin gidajensu, samari suka shiga haya da babur mai kwando a gefe, motocin jifni, waɗanda asalinsu jif-jif ne da sojan Amurka suka bari bayan yaƙi, suka fara jigila zuwa Novaliches. Kasuwa ta kafu, makarantu da coci-coci suka biyo baya. Wasu gidajen kuma da kuɗin 'ya'yan da suka tafi aikatau ƙasashen Larabawa ko aikin jirgin ruwa aka ɗora musu bene. Da wuri ya yi albarka, sai ga sababbin baƙi suna zuwa da ƙafarsu, suna kama haya ko suna raɓawa a duk inda suka ga sarari.

DOKA TA BIYO SAHU

A 1986 jama'a suka kori Marcos daga mulki. A 1992 aka yi dokar da ta ce ba za a rushe gidan talaka ba sai an ba shi sanarwar kwana talatin, an tattauna da shi, an kuma tanadar masa wurin da ke da ruwa da wuta da hanya. A 1997 aka soke doka mai lamba 772. Ga mutanen Bagong Silang, wannan ihu ne bayan hari.

Sauran matsalar ita ce ta mulki. Ga unguwa mai faɗin hekta fiye da 500, mai mutum sama da dubu 260, wadda ta fi lardunan Batanes da Camiguin da Siquijor yawan jama'a ko da an haɗa su wuri guda, amma a idon doka, har zuwa 2024, ita ce kawai Barangay 176, mai unguwa ɗaya, kansiloli bakwai, daidai da ƙauyen da bai wuce mutum dubu biyu ba. Idan aka bi ma'aunin 5,000 da na ambata, ta isa a yi barangay hamsin da ita. Ga kuma batun kuɗi. Kason da gwamnatin tsakiya ke ba unguwanni, kashi 60 cikin ɗari ana raba shi ne bisa yawan jama'a, kashi 40 kuma daidai-wa-daida. Wato a wannan kashi na biyu, rabon Bagong Silang a lokacin ɗaya ne da na ƙaramin ƙauye.

Inda hukuma ta yi ƙaranci, talaka ne ke ji a jikinsa. Lokacin da Shugaba Rodrigo Duterte ya ƙaddamar da yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2016, Caloocan na cikin biranen da aka fi zubar da jini, Bagong Silang kuwa na cikin unguwannin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Sunayen waɗanda ake zargi sau da yawa daga cikin unguwa suke fitowa, sai maƙwabci ya koma tsoron maƙwabcinsa. Wasu masu bincike biyu, Steffen Jensen da Karl Hapal, sun wallafa littafi guda a kan haka a 2022. Bayan kisan wani yaro ɗan shekara 17, Kian delos Santos, a wata unguwar ta Caloocan a 2017, an sauke 'yan sandan birnin gaba ɗaya, a 2018 kuma kotu ta ɗaure uku daga cikinsu. Shi kansa Duterte an kama shi a Maris na 2025 aka miƙa shi ga Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague.

A Afrilun 2024 aka sa hannu kan doka mai lamba 11993 wadda ta raba Bagong Silang gida shida, daga 176-A zuwa 176-F. Ranar 31 ga Agusta na shekarar mazauna suka amince a ƙuri'ar raba-gardama, yawan unguwannin Caloocan ya tashi daga 188 zuwa 193. Abin mamaki, wanda ya sa hannun shi ne Ferdinand Marcos ƙarami, ɗan wanda ya yanka filin shekara 53 da suka wuce.

KAMMALAWA

A nawa ganin, darasin wannan unguwa ɗaya ne. Hukuma ta ɗauka matsalar talakan birni ita ce wurin kwana, alhali shi abin da ya kai shi bakin kogin Tondo neman abinci ne. Ta raba shi da sana'arsa, ta ba shi fili da masai, ta juya baya. Duk abin da ya mayar da Bagong Silang gari, daga kasuwa zuwa motar haya zuwa benen da ke kan tsohon ɗakin katako, akasarinsa gumin mazaunanta ne, kuma sun biya da shekarun da yara suka tashi ba sa ganin iyayensu maza sai ranar Lahadi. Raba unguwar gida shida zai kusanto da ofis ga jama'a, ya kuma ƙara musu kaso, amma ko a shida ɗin, kowace ta haura mutum dubu arba'in idan aka raba daidai. Har yanzu da yawansu sammako suke yi su shiga birni neman na tuwo. An fara aikin layin jirgin ƙasa na MRT-7 a 2016, kuma a tsarinsa akwai tasha a Tala. Duk ranar da ɗan Bagong Silang ya iya zuwa wurin aikinsa ya dawo ya tarar da 'ya'yansa ba su yi barci ba, to ranar ce za a ce an biya shi bashin da aka ci tun lokacin da aka sauke kakansa daga mota.