Baka da Ma'aunin Gidan Waya

Duk wanda ya daɗe yana sassaƙa bakan gargajiya a Amurka ya san aiki bai ƙare ba ranar da aka ɗaura tsirkiya aka gwada harbi. Da sauran tafiya. Mai saye yana can wata jiha, ko wata ƙasa, kuma tsakaninka da shi akwai manyan motoci, da rumbunan tantance kaya, da hannayen mutanen da ba su san abin da ke cikin ƙunshin ba. Nauyi bai taɓa damunmu ba, don da ƙyar dogon baka yake kai kilo guda. Tsawo ne matsalarmu. Abu ne mai ƙafa 6, siriri, an yi shi don ya lanƙwasa ta fuska ɗaya tak. In aka danne shi ta gefe, ko ya faɗi a kan tsininsa, aikin watanni ya tashi a banza.

Magabatanmu na Ingila su ma da safara suka fara. Icen da suka fi so, wanda suke kira yew, na ƙasarsu bai ishe su ba, sai an kawo daga nahiyar Turai. Har doka aka yi a 1472 cewa duk jirgin fatauci da ya zo daga inda ake samun icen, sai ya kawo sanduna 4 a kan kowane tan na kayansa. Amma ɗanyen sanda mai kauri yana jure wulaƙanci. Gamammen baka kuwa akwati ake yi masa. Jirgin yaƙin nan Mary Rose, da ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an samu bakunkuna fiye da 130 lafiyayyu a cikinsa, da yawansu a jere cikin dogayen akwatunan katako.

A Amurka, gidan waya ya fara karɓar ƙunshin kaya ranar 1 ga Janairun 1913, bisa sharaɗin kada nauyi ya wuce laba 11, kuma in an haɗa tsawo da kewaye kada su wuce inci 72. To, dogon baka shi kaɗai inci 72 ne, tun kafin a naɗe shi da komai. Shekaru goma bayan haka, a 1923, Dakta Saxton Pope ya fitar da littafinsa a kan farauta da baka, bayan abin da ya koya wurin Ishi, mutumin ƙarshe na ƙabilar Yahi ta Kalifoniya. Sha'awa ta tashi, mutane suka fara neman icen yew daga Oregon, suna neman gamammun bakunkuna daga hannun masassaƙa ƙalilan. Dogon kaya irin wannan jirgin ƙasa ya fi dacewa da shi, kuma kamfanin Railway Express ya ɗauki irinsa daga 1929 har ya durƙushe a 1975.

Daga nan sai shi bakan ya fara sauya siffa. Fred Bear, wanda ya fara kamfaninsa a Detroit a 1933 ya koma Grayling ta Jihar Michigan a 1947, yana cikin waɗanda suka yaɗa bakan da ake haɗawa da siraran katako da zaren gilashi, mai lanƙwasassun tsini, gajere, wanda ke shiga kwali. Wajen 1970 ya fitar da wanda ake rabawa uku: mariƙi da fikafikai biyu. Shi maharbi mai tafiya ya yi wa, amma mu masu aika kaya mun ci moriya, don baka mai inci 60 ya koma ƙunshin da bai kai ƙafa 3 ba. A daidai lokacin ne kuma bakan zamani mai ƙafafun juyawa, wanda Holless Allen ya samu rajistarsa a 1969, ya mamaye kasuwa, har sana'armu ta kusa mutuwa. Sai wajen 1990 ta farfaɗo, mutane suka koma sassaƙa baka daga sanda guda a bayan gida. Da intanet ta zo, kowane ƙaramin masassaƙi ya wayi gari yana da mai saye a nesa, ba shi kuma da ma'aikatar da za ta yi masa kwali.

A nan ne dabarun da muke aiki da su yau suka samu, mafi yawansu daga ɓarnar da aka sha. Da farko shagunan kafet ake zuwa, a roƙi dogon bututun kwali da ake naɗe kafet a kai. Kyauta ne, yana da ƙarfi, amma in ya jiƙe ko aka ɗora masa nauyi a tsakiya sai ya karye. Sai aka koma fayif ɗin roba na masu aikin famfo, mai faɗin inci 3 ko 4, a rufe bakinsa biyu da murfi. Shi kuma ga aibinsa: abu mai kewaye mirginawa yake, ya faɗo daga bel ɗin da ke tafiya da kaya a rumbu, kuma wasu kamfanonin suna ƙara masa kuɗi saboda ba kwali ba ne. Yawancinmu yanzu fayif ɗin muke zurawa cikin kwali mai kusurwa uku ko huɗu.

Abin da ke ciki ya fi na waje muhimmanci. Ba a aika baka a ɗame. A cire tsirkiya, a naɗe ta, a sa ta a ƙaramar leda dabam. A zura bakan cikin rigarsa ta yadi mai laushi. Sai tsini biyun, inda tsirkiya ke zama, wurin da ya fi ko'ina rauni: a naɗe su da soso mai kauri, sannan a cusa wani soson a gindin kowane murfi, kamar inci 2, domin in ƙunshin ya faɗi a tsaye, soson ya sha bugun. Mariƙi ma a naɗe shi har ya cika faɗin fayif. In an gama, a ɗaga a girgiza kusa da kunne. Ko ɗan ƙwas ka ji, buɗe ka sake. Kamar ƙwai ne a kwandon 'yar talla, wanda ya samu wurin motsi shi ke fashewa. Kibiyoyi kuma kwalinsu dabam, don ƙarfen kansu ya isa ya yage bayan baka, kuma bakan ice in bayansa ya samu rauni, ranar ja zai tsage.

Zafi shi ne maƙiyin da ba a gani. Mota a rufe tsakiyar bazara tana iya sassauta gam ɗin da ya riƙe siraran katakon. Shi ya sa ba na aikawa ranar Juma'a, kada kaya su kwana biyu a rumbu.

Kuɗi kuma sai hawa yake. Tun 2022 gidan wayar Amurka ya sa ƙarin kuɗi a kan duk ƙunshin da ya wuce inci 22, da wani mafi tsada a kan wanda ya wuce inci 30. Zuwa ƙetare abin ya fi tsanani, don ƙasashe da dama ba sa karɓar ƙunshin gidan waya da ya wuce inci 42. Ga kwastam: tun Janairun 2017 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta CITES ta sa ido a kan wasu itatuwa masu tsada, har da bubinga na dazukan Kamaru da Gabon, wanda muke yin mariƙi da shi, sai an bincika ko yana buƙatar takarda kafin ya ƙetare iyaka. Saboda duk wannan, matasa da yawa a cikinmu sun koma yin bakan da ake rabawa kawai. Ban ga laifinsu ba, amma ni ina nan a kan baka na sanda guda, don yadda yake amsa hannu ya cancanci wahalar fayif da soso.

Kafin a rufe, sai a ɗauki hoton bakan ta kowane gefe, a yi masa inshora daidai darajarsa, a sa takarda ga mai saye. A cikinta nakan roƙe shi ya bar bakan ya huta a ɗaki har ya daidaita da yanayin wurin, ya duba shi tun daga tsini har tsini, ya ɗaura tsirkiya da igiyar ɗaurawa, sannan ya ja a hankali, rabi-rabi, kafin ya kai shi kunci.