TARIHIN GYARAN IRIN SHANU: DAGA SHIKA ZUWA DANSOSHIYA

Maƙalar wannan mako a kan shanu take, musamman maganar da ake yawan yi yanzu a rugage da karori, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, cewa a kawo irin shanun waje a haɗa da namu don a samu nama mai yawa. Maganar ta kusa shekara ɗari ana yin ta a ƙasar nan, kuma ya kamata mu san abin da ya faru da waɗanda suka riga mu gwadawa kafin wani ya sayar da karsanarsa ya sayi abin da zai zame masa asara.

Tun kafin Bature ya zo, makiyayanmu sun san cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Bafulatani yakan riƙe asalin saniya a kansa har kaka da kakanni, ya zaɓi bijimin da zai bari a garke, ya dandaƙe sauran. Da wannan zaɓen aka samu Bunaji, farare masu baƙin kunne da baƙin hanci, da Bokoloji na ƙasar Sakkwato masu gajeren ƙaho da cikar jiki, da Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, da Azawak na Nijar. Ƙidayar dabbobin da aka yi a 1990 ta samu shanu kusan miliyan 14 a Najeriya, sama da kashi ɗaya cikin uku Bunaji ne. A kudancin Kano su ne suka fi yawa, domin damina ta fi ƙarfi a nan, kaska da kirci sun fi yawa, Bunaji kuwa sun fi Rahaji da Bokoloji jure wa hakan.

Wajen 1890 zuwa 1891 annobar bushiya ta ratsa ƙasar Hausa ta kashe mafi yawan shanu. Daga ɗan abin da ya tsira aka sake tara garkunan da muke gani yau. Cutar ta sake yin ɓarna a 1983, sai a 2011 aka sanar da kawar da ita daga duniya. Saboda haka farar saniyar da ke kiwo a gefen dajin Falgore jikar waɗanda suka sha annoba da fari da ƙishirwa ce suka rayu. Wannan juriyar tana cikin jininta, ba a sayo ta a kasuwa.

Gwamnati ta shiga harkar a 1928, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka buɗe gonar dabbobi a Shika kusa da Zariya. Aikinta na farko shi ne tace shanun gida a fitar da bijimai masu kyau a ba makiyaya. A 1964 aka shigo da bijiman Friesian daga Ingila aka fara haɗa su da Bunaji. Madara ake nema a lokacin, amma darasin da aka koya ya shafi nama ma. A 1976 gonar ta zama cibiyar NAPRI a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da aka gani a Shika da sauran ƙasashe masu zafi shi ne, haihuwar farko, wadda rabi jinin waje ne rabi na gida, takan yi saurin girma ta fi uwarta amfani. Dalili kuwa, ƙwayoyin gado biyu ne masu nisa da juna suka haɗu, kowane ya rufe gazawar ɗan'uwansa. Idan aka sake ba 'yar bijimin waje, jinin waje ya zama kashi 3 cikin 4. A karo na gaba ya zama 7 cikin 8. Daga nan matsala take farawa: haki a cikin rana, ƙin cin abinci, kaska, yawan mutuwar maruƙa. Idan kuma aka bar masu rabi da rabi suna barbarar junansu babu tsari, 'ya'yan sukan fito kowa da kamarsa, ƙarfin nan na haihuwar farko ya ragu.

Ƙasashen da suka ci ribar wannan ilimi da shanun ƙasa mai zafi suka gina nasu. A Afirka ta Kudu, Farfesa Jan Bonsma ya fara aiki a tashar Mara a 1937, bayan an ga shanun Ingila ba sa jure zafin yankin. Ya yi shekaru yana awo yana rubutawa, har ya tsaya a kan kashi 5 cikin 8 na shanun gida, wato Afrikaner, ragowar kashi 3 na Hereford da Shorthorn. Irin da ya fito shi ne Bonsmara. Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa fitar da naman shanu a yau, yawancin garkenta Nelore ne, masu tozo kamar namu, asalinsu daga Indiya. Shekara da shekaru suka yi suna auna nauyi suna zaɓen uba. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun daɗe suna tace Azawak zalla a tashar Tukunus ta yankin Filinge.

Mu dawo gida. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta kawo noman rani, ta samar da ruwa da ragowar amfanin gona da dabba za ta ci da rani. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. An ji daɗin hakan, sai dai tsoron jangali ya riga ya koya wa makiyayi ɓoye yawan shanunsa, kuma har gobe da wuya ya yarda a rubuta su. A zamanin Gwamna Ganduje an tura 'ya'yan makiyaya Turkiyya koyon ɗura wa shanu maniyyi, an tayar da cibiyar wannan aiki a Kadawa, kuma a 2020 aka buɗe rugar zamani a dajin Dansoshiya da ke Kiru. Yau maniyyin bijimin da yake wata nahiya yana iya zuwa har ƙofar rugarka a cikin tulun sanyi.

Sauƙin nan shi ne abin tsoro. Abin da ya ɗauki Bonsma shekaru yana lissafi, mu muna iya yin sa da rana ɗaya babu lissafi. Idan kowa ya ɗura abin da ya samu, babu wanda ya rubuta wace saniya aka ba wane iri, nan da haihuwa uku ko huɗu za mu wayi gari da barbarar yanyawa, ba su kai na waje nama ba, ba su kai Bunaji juriya ba. Jinin da ya gauraye kuwa ba ya sake tacuwa.

Akwai kuma ɓarnar da muke yi wa kanmu tun ba a zo ga irin waje ba. Da Babbar Sallah ta matso, sa mafi ƙiba da tsayi shi ake kaiwa karar Wudil, a bar ƙanƙanin da ba wanda ya taya yana hawan shanu. Shekara goma ana haka, garke sai ya tsumbure. Ga kuma yunwa. Bunajin da ke yawon kiwo takan kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, sannan ta riƙa haihuwa kusan duk bayan shekara 2. 'Yar uwarta da ke samun harawa da dusa da ƙulin auduga takan riga ta haihuwa nesa ba kusa ba, alhali jininsu ɗaya. Yawancin abin da muke kira rashin kyan iri rashin abinci ne.

Shawarar da tarihin nan yake ba mu ba ta da tsada. A sayi littafi, kowace saniya da shafinta: uwarta, ubanta, ranar haihuwa, da awon ƙirjin maraƙi da tef ɗin tela lokacin yaye. Bijimin da ya fi kowa a bar shi a garke ko da an taya shi da tsada, a kuma riƙa musayarsa da na wata ruga don kada ya hau 'ya'yansa. Mai turke a Bebeji ko Kiru da yake da ruwa da abinci da likita a kusa zai iya gwada rabi da rabi, ya turke mazan ya sayar, kada jinin waje ya wuce rabi. Mai shiga daji a Doguwa da Tudun Wada kuwa, tace Bunajinsa ya fi masa. Dole ne kuma wasu su riƙe Bunaji zalla, domin duk mai son rabi da rabi sai ya nemi uwa ta asali, kuma nan gaba ita za ta yi tsada.

Dattawan da ke cikinmu waɗanda suka ga bushiyar 1983, ko suka taɓa karɓar bijimi daga gonar gwamnati, muna roƙo su ba mu labarin yadda 'ya'yan suka kasance. Allah Ya albarkaci dukiyarmu, Ya kiyaye ta daga annoba da ɓarayi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.