Tarihin Yadda Manhaja Ta Fara Karɓar Jawabin 'Yar'uwarta

Duk wanda ya rubuta wa kwamfuta jerin umarni a yau, ya kira wata manhaja daga cikinsa, ya kama abin da ta fitar ya adana domin aikin gaba, haƙiƙa gado yake ci daga wasu ma'abota ilmi da suka yi shekaru suna nazari a Bell Labs, cikin jihar New Jersey ta Amurka.

A farkon al'amari manhaja takan zuba sakamakonta a takarda ko cikin fayil, sai mutum ya ɗauka ya miƙa wa ta biyu. A 1964 Douglas McIlroy ya ba da shawarar a riƙa haɗa manhajoji kamar yadda mai lambu ke ɗaura tiyo a bakin tiyo, amma sai a 1973 Ken Thompson ya tabbatar da wannan hikima cikin tsarin Unix, abin da ɗaya ta furta ya zama yana kwarara kai tsaye zuwa ga ɗayar. Daga nan wata illa ta bayyana, domin saƙon kuskure yana bin hanya guda da sahihin sakamako, har na'urar ɗab'i takan buga ƙorafin manhaja a kan takarda mai tsada. Dalili ke nan da ya sa aka keɓe wa kuskure tasa hanyar.

Kamalar aikin ta zo a 1979, a bugu na 7 na Unix, inda Stephen Bourne ya tsara cewa idan aka sa umarni tsakanin waƙafi biyu masu karkata baya, misali `date`, sai a zartar da shi, kwanan watan da ya fito ya maye gurbinsa a cikin layin. Daga baya David Korn ya kawo alamar $( ), wadda ta sauƙaƙa sa umarni cikin umarni. Harshen Perl na Larry Wall ya gaji waƙafin, harshen Python kuma ya samu tasa hanyar kiran manhaja mai suna subprocess a 2004.

Sai dai magabatan nan sun bar sharaɗi tare da fa'idar: kowace manhaja, in ta gama, tana mayar da lamba, sifili alamar nasara, waninsa alamar tawaya. Wajibi ne marubuci ya duba lambar nan kafin ya amince da jawabin, domin wanda ya gina aiki a kan sakamakon da bai tantance ba, shi zai ɗauki alhakin ɓarnar da ta biyo baya.