Bayani a kan Ma'abota Rumfa na Yunan da Zancensu game da Ƙaddara da Aikin Mutum

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, Allah Ya buɗa maka fahimta, an yi wani falke mutumin tsibirin Ƙubrus, sunansa Zinun. An ruwaito cewa jirginsa ya nutse da hajarsa, shi ya tsira, ya shiga birnin Atina, ya koma neman ilimi. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya fara karantarwa a wata rumfa mai ginshiƙai a bakin kasuwa. Saboda haka Larabawa ke kiran mabiyansa Riwaƙiyyun, wato ma'abota rumfa.

Suka ce duniya duka jiki ɗaya ce mai rai, hankali guda ya ratsa ta kamar wuta, kuma babu abin da ke aukuwa face da sababi, sababin ma da nasa sababi. A nan sun cakuɗa Mahalicci da halitta, wannan kuwa ba aƙidarmu ba ce. Amma ka saurari abin da ya biyo baya.

Masu jayayya suka ce musu, in an ƙaddara majinyaci zai warke, kiran mai magani wahala ce kawai. Sai Kirisibus, shugabansu na uku, wanda ya mutu wajen 206 kafin haihuwar Annabi Isa, ya amsa cewa warkewar da kiran mai maganin tare aka ƙaddara su. Ya buga misali da dutse mai siffar ganga: turin daga waje yake, amma mirginawar daga siffarsa take. Haka fitina ke zo wa mutum daga waje, yarda da ita kuwa daga halinsa ne.

Daga baya aka yi Ibiktitus, wanda ya yi bauta a birnin Rum kafin a 'yanta shi. Ya raba al'amura biyu: abin da ke hannunka, wato niyyarka da hukuncin zuciyarka, da abin da ba ya hannunka, wato jiki, dukiya da muƙami. Sarkin Rum Markus Awreliyus, wanda ya yi mulki daga 161 zuwa 180 Miladiyya, ya karanta zantukan wannan 'yantacce ya amfana.

To, ya kai almajiri, ya kai falke, faɗuwar farashi ba ta hannunka, amma cika mudu yana hannunka. An ce bawan Zinun ya yi sata ya fake da ƙaddara, shi kuwa ya sanar da shi cewa bulalar ma ƙaddararriya ce. Kada ka jingina ha'incinka ko lalacinka ga ƙaddara.

Allah ne Masani. Tammat.