Yadda Aka Taru Aka Ceci Kayan Tarihin Tambutu

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a ƙasar Hausa ya ji sunan Tambutu. Birni ne a bakin Hamada, cikin ƙasar da a ke kira Mali yanzu, tsakaninsa da Kogin Kwara kamar mil goma. Nan ne raƙuman da ke ɗauko gishiri daga arewa su ke gamuwa da jiragen ruwa masu kawo hatsi da zinariya daga kudu. Inda fatauci ya zauna kuwa, malamai ba su yin nisa. Tsakaninmu da mutanen garin akwai tsohuwar zumunta ta karatu, gama a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa wani babban malaminsu, Alhaji Ahmadu ɗan Umaru, da ya komo daga Makka ya sauka Kano ya karantar. Jikansa shi ne Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556, ya rasu a 1627. Shi ne ya ce littattafansa 1,600 ne sa'ad da rundunar Maroko ta kama shi, amma duk cikin danginsa shi ne mai mafi ƙaranci.

Abin alfaharin Tambutu iri uku ne. Na fari manyan masallatai uku: Jingarebar, wanda Sarkin Mali Mansa Musa ya sa aka gina wajen 1327, bayan ya dawo daga hajji, da Sankore, da Sidi Yahaya. Na biyu hubbarorin waliyyai da manyan malamai da ke warwatse ciki da kewayen gari. Na uku littattafan da aka rubuta da hannu, na fiƙihu da nahawu da hisabi da ilmin taurari da magani, har da wasiƙun fatake, waɗanda gidaje su ke gada kaka da kakanni.

Gine-ginen nan na ƙasa ne da azara, sai wani farin dutse mai laushi da su ke kira alhor. Kowa ya san halin ginin ƙasa, in aka yi damina biyu ba a yi masa yaɓe ba, sai ya fara zubewa. Saboda haka tun da can mutanen garin suka yi wa abin tsari. Kowane masallaci yana da gidan magina da suka gaji kula da shi. In lokacin yaɓe ya zo sai liman ya yi shela, masu hali su ba da kuɗi, masu jakuna su ɗebo ƙasa, samari su kwaɓa, magina su taka itatuwan nan da ke leƙowa daga jikin bango su hau su shafe. Watau gayya ce ta riƙe masallatan nan shekaru ɗaruruwa, tun ba a san za a yi wata ƙungiya ta duniya ba.

Taimakon waje ya soma ne da littattafai. A 1973 aka buɗe wata cibiya ta gwamnati da sunan Ahmad Baba, da shawarar UNESCO, watau hukumar ilmi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don a tara rubuce-rubuce a adana. A 1988 hukumar ta sa masallatan uku da hubbarori 16 cikin jerin kayan tarihi na duniya. A 1996 masu littattafan gado suka kafa tasu ƙungiya mai suna SAVAMA. Daga 2006 Gidauniyar Aga Khan ta shafe shekara huɗu tana gyaran Jingarebar tare da maginan gari, aka sāke azarorin da suka ruɓe, aka gyara hanyoyin ruwa, aka koya wa samari aiki. Afirka ta Kudu kuma ta gina wa cibiyar Ahmad Baba sabon gida, aka buɗe shi a 2009.

Ana cikin haka sai masifa ta auku. A farkon watan Afrilu na 2012 'yan tawaye suka shiga Tambutu, ba a daɗe ba garin ya koma hannun mayaƙan Ansaruddin da abokansu. Su a wurinsu yin gini a kan kabari haramun ne. Ran 28 ga Yuni UNESCO ta sa Tambutu cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari, bayan kwana biyu sai mayaƙan suka fito da diga da gatari suka fara rushe hubbarori, mutane na tsaye suna kallo, ba mai ikon cewa uffan. Suka ɓalle wata ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya wadda aka daɗe ana cewa ba za a buɗe ta ba sai ƙarshen duniya. Kafin shekarar ta ƙare, cikin hubbarori 16 sun rushe 14.

Masu littattafai da suka ga haka, suka san in ba a yi wani abu ba, wuta na iya kaiwa gare su. Shugaban SAVAMA, Abdulƙadir Haidara, ya shirya da gidajen malamai a asirce. Suka sayi akwatunan ƙarfe, suka riƙa cika su da dare ana rarrabawa gida gida. Daga nan aka shiga fid da su kaɗan kaɗan zuwa Bamako, tafiyar kusan mil 600, waɗansu a amalanken jakuna, waɗansu a mota, waɗansu a kwalekwale bisa Kwara. Samarin da suka yi rakiyar kayan sun sai da ransu ne, gama a kowane shinge ana iya buɗe akwati. Aikin kuwa yana cin kuɗi, sai Gidauniyar Yarima Claus ta ƙasar Holan, da Gidauniyar Ford ta Amurka, da gwamnatin Jamus, da waɗansu, suka aiko da gudummawa ba tare da yin shela ba. Bisa ƙidayar ƙungiyar, abin da aka kai Bamako ya haura rubuce-rubuce 300,000, manya da ƙanana. Tsoron nasu ya tabbata a Janairu na 2013. Da sojojin Faransa da na Mali suka matso, mayaƙan kafin su gudu suka ƙone littattafai kamar 4,200 a sabon gidan Ahmad Baba.

Ko a Bamako ma ba a huta ba, don takardar da ta saba da busasshiyar iskar Hamada ba ta jure laima. Jami'ar Hambog ta Jamus ta taimaka aka yi wa littattafan mazubai aka rubuta sunayensu. Wani ɗakin karatu na limaman Kirista a Amurka kuma ya kawo na'urori aka shiga ɗaukar hoton kowane shafi, don ko asalin ya salwanta, karatun ya wanzu.

Saura gine-gine. A watan Fabrairu na 2013 aka yi taro a birnin Faris, gwamnatin Mali da UNESCO da Faransa suka tsara yadda za a yi. Tarayyar Turai da ƙasar Suwizalan suka ɗauki babban kaso na kuɗi. Rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka kafa a shekarar nan, aka sa tsaron kayan tarihi cikin ayyukanta, ta riƙa ɗaukar ma'aikata da kaya a jiragenta. Amma dabarar da ta fi kowace ita ce da ba a ba wa baƙi ginin ba. Masana suka tara tsofaffin hotuna, suka tona tushen kowane hubbare suka auna, suka zauna da dattawan gidajen waliyyai suna tambayarsu yadda ya ke a da. Sa'an nan aka miƙa aikin ga maginan gari, suka yi shi da ƙasa da alhor da azara, yadda iyayensu suka koya musu. An fara a Maris na 2014, aka gama a Yuli na 2015. Ran 4 ga Fabrairu na 2016 aka taru a Jingarebar, aka yanka shanu, aka sauke Alƙur'ani, aka damƙa wa kowane gida mabuɗin hubbarensa. A Satumba na shekarar aka mai da ƙofar Sidi Yahaya wurinta.

Shari'a ma ta yi nata. Wanda ya shugabanci rushewar, Ahmad Alfaƙi Almahdi, hukumar Nijar ce ta miƙa shi ga Kotun Manyan Laifuffuka ta Duniya da ke ƙasar Holan. Ya amsa laifinsa, ya roƙi mutanen Tambutu gafara, ran 27 ga Satumba na 2016 aka ɗaure shi shekara tara. Wannan shi ne karo na fari da kotun ta hukunta mutum saboda rushe kayan tarihi kaɗai. Littattafan kuwa sun daɗe a baƙunci, sai a watan Agusta na 2025 aka fara mai da kashin farko gida a jirgin sama.

In muka duba labarin nan za mu ga ba wanda ya isa ya ce shi kaɗai ya yi. Masu kuɗi ba su san yadda a ke kwaɓa ƙasar Tambutu ba, magina ba su da kuɗin sayen azara a lokacin yaƙi, masana kuma da ba su sami dattawa ba, da sai su yi ta ƙiyasi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin lura kuma, da mutanen gari ba su riga sun riƙe sana'arsu da littattafansu ba, da baƙin sun zo sun tarad da ba abin da za su taimaka wa.

Mu ma muna da irin namu: ganuwar Kano da Gidan Makama, da hasumiyar Gobarau ta Katsina, da tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina, da masallacin Agadas wanda aka sa birninsa cikin jerin duniya a 2013. Akwai kuma littattafan kakanni da ke kwance cikin gafaka a zaurukan malamai. Waɗannan ba sai yaƙi ya zo su ke halaka ba. Ruwan damina da gara da mai neman filin gini sun isa. Wanda ke da irin wannan amana a gidansa ko a unguwarsa, ya kamata ya kai maganarta ga mai unguwa da malamai da hukumar adana kayan tarihi, a haɗa hannu a gyara tun bango bai fāɗi ba.